Wuƙar Majemi

Sha ɗayan dare a Mabera, an ɗauke wuta,
zafi ya kore ni waje da tabarmata,
cajin waya saura tara cikin ɗari.

Mu bakwai muke wasan,
biyar ban taɓa ganin fuskarsu ba.
Da yatsu muka gina gari, muka ce Tungar Wata.
Ni ne maƙerin garin, mai bashi har wuya.
Luba ta Arkilla ita ce mai fito,
tsohuwa mai haƙori ɗaya da jirgi mai yoyo.
Wata uku Luba tana ɗinka mata hali,
har tari ta ba ta,
har zagin da take wa kogi in ya ci gaɓa.

Sai ga Haliru da jaruminsa,
wanda ƙarfe ba ya ci, yunwa ba ta kamawa,
kibiya in ta hango shi sai ta yi kwana.
Daren jiya, cikin layi biyu,
ya sare tsohuwa, ya cinna wa jirgi wuta.
Bai nemi izinin mai ita ba.

Ɗanjuma ya ce a kore shi.
Luba ba ta ce komai ba, shirun ya fi zafi.
Ni ma na rubuta tawa, doguwa, barkono zalla:
kai ba ka iya ba, kai son kai, kai ɓata gari.
Babban yatsa na dab da turawa

sai na ji warin jima,
ba daga unguwa ba, daga shekara sha biyar baya.
Kawu Modi zaune gaban kwatarniyar bagaruwa,
ni yaro, wuƙa a hannu, fatar jar akuya a kan gungume,
ina kankara kamar mai rama gayya
har rana ta leƙo ta tsakiyarta.
Bai buge ni ba. Ya ɗaga ta sama ya duba.
Ya ce, “Nan gehe ka gyara ƙwarai.
Amma ɗan nan, gashi anka ce ka hidda,
wa yac ce ka hidda hwata?”
Ya ɗora hannunsa kan nawa,
ya kwantar da bakin wuƙa.

Na goge barkonona kaf.
Na bi Haliru ta ƙofar baya, mu biyu kawai.
Na ce, yadda ka zana hayaƙi kan ruwa
sai da na ji shi a maƙogwaro, ka iya alƙalami.
Abu ɗaya ne: tsohuwar ta Luba ce.
Kai sara, ka bar mata ta faɗa ko ya kama.
Kuma jarumin da ba ya jin ciwo,
wa zai tsaya jiran labarinsa?
Ba shi gurɓi ɗaya da tsoro zai shiga.
Na ce, ni ma farkon zuwana
na taɓa ƙera takobin da ya raba dutse,
aka yi mini dariyar mako guda.

Ya karanta, na ga alama.
Bai amsa ba. Wayata ta mutu.

Kwana biyu shiru.
Na ce ko dai na huda fatar duk da haka.

Dare na uku, ga jarumi a bakin kogi,
yana ɗingishi, ƙaya a diddige,
yana tambaya ko ruwa ya dawo da kowa.
Luba ta bar shi tsaye har minti ashirin
kafin tari ya fito daga cikin ciyawa.
Tsohuwa ta ce jirgi sabo take so, na maɗaci,
kuma kuɗin fitonsa ninki biyu har abada.

Ya zo maƙerata neman ƙusoshi.
Na ce bashi ne, ya ce bashi ne.
Ɗanjuma har yau ba ya amsa gaisuwarsa,
wannan kuma wata fatar ce,
tana cikin jiƙo tukuna.